Wasan da ke Tilasta wa Ido Tsayawa

 A shirinmu na yau za mu leƙa Turai ne, mu duba wani abu da ya haɗa masu zanen da suka bar duniya shekara 350 zuwa 500 da suka wuce da wani nau'in wasan kwamfuta na zamaninmu. Wani ɗan Birtaniya mai suna Joe Richardson, mutum guda ba kamfani ba, ya fitar da wasanni uku tsakanin 2017 da 2024, kuma kusan duk abin da ido zai gani a cikinsu, mutum ko doki ko dutse ko gajimare, wani ne ya zana shi tun kafin a san lantarki. Richardson ya samo hotunan zane-zanen da ke rataye a manyan gidajen tarihi, ya yanyanka su a kwamfuta, ya harhaɗa, ya yi wa mutanen ciki gaɓoɓin motsi, sannan ya sa musu maganar ban dariya a baki. Akwai masu ganin wannan a matsayin raini ga aikin magabata, kuma za mu saurari hujjarsu da kunnen basira. Amma matsayin da zan kare a yau shi ne cewa waɗannan wasanni suna yi wa tsohon zane hidimar da gidan tarihi kansa yake yawan kasa yi masa, wato suna sa mutum ya tsaya ya kalle shi da gaske.

Sai mun fahimci yadda ake wasan kafin hujjar ta zauna. A allon kwamfuta za ka ga wuri guda, ɗaki ko fili ko bakin teku, ga kuma ɗan mutumin da kake sarrafawa. Ba tsere, ba harbe-harbe, ba wanda yake ƙidaya maka lokaci. Da linzamin kwamfuta kake yawo da 'yar kibiya a kan allo, in ka nuna abu ka danna, mutuminka ya je ya duba shi, ko ya ɗauka ya jefa a jaka, ko ya yi masa magana idan mai rai ne. Shi ya sa ake ce musu wasannin nuna-ka-danna. Wasan gaba ɗaya sarƙar matsaloli ce: a misali, mai gadi ba zai bar ka ka wuce ba sai da takarda, mai takarda yana son takalmi, takalmin kuwa yana ƙafar wani da ke barci, sai ka yi dabarar da za ta raba shi da shi. Wannan salo ya kafu ne a Amurka. Kafin 1987 galibi sai ka rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi, ka yi ta lalube har ka dace da kalmar da ta sani. A shekarar ne kamfanin Lucasfilm Games ya fitar da Maniac Mansion na Ron Gilbert da Gary Winnick, inda nuni da dannawa suka maye gurbin rubutu, sannan a 1990 The Secret of Monkey Island ya biyo baya, ya ɗaure salon da barkwanci har yau. Tun wancan lokaci akwai koken da masu wasa suke yi, cewa wani lokaci abin da kake nema ƙanƙane ne ƙwarai, a ɓoye a wani lungun hoto, sai ka share allon gaba ɗaya da kibiya kafin ka same shi. Ku riƙe wannan koke, domin a hannun Richardson aibin ne ya zama alheri.

Wasansa na farko a wannan jeri, Four Last Things, ya fito a watan Fabrairun 2017 bayan ya nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter. Labarin wani mai zunubi ne da ya yi doguwar tafiya zuwa coci don ya furta laifuffukansa a yafe masa, sai ma'aikatan cocin suka ce ai zunuban nasa a wata gunduma ya aikata su, ba su da hurumin saurarensa. Mafita ɗaya ce: ya sake aikata manyan zunubai bakwai ɗin nan da koyarwar Kirista ta lissafa, amma a cikin gundumarsu, sannan ya dawo. Na biyu, The Procession to Calvary, ya fito a Afrilun 2020. Jarumarsa mace ce sanye da sulke, an yanko ta daga zanen Bellona da Rembrandt ya yi a 1633. An gama yaƙin addini, an ce kowa ya mayar da takobi kube, ita kuwa kisa bai ishe ta ba, sai ta samu izinin bin sawun azzalumin shugaban da ya tsere. A wannan wasa kana iya zare takobi ka sare wanda ya tare maka hanya maimakon ka warware matsalarsa, amma wasan yana riƙe da lissafin abin da ka yi har ƙarshe. Na uku, Death of the Reprobate, ya fito a Nuwamban 2024, kuma ya juya na farko ne: wani mugun ɗan mai mulki, Malcolm, ba zai ci gadon ubansa ba sai ya aikata alheri bakwai. Kiɗan da ake ji tsohon kiɗan Turai ne, kuma akwai wata dabara da ta burge ni: makaɗan suna nan a cikin hoton, su ma an yanko su daga zane, suna zaune a gefe suna busa da goge, ta yadda kiɗan yake fitowa daga cikin duniyar wasan kanta.

To, yaya mutane suke kallon zane a inda aka ajiye shi don kallo? An auna wannan. A wani bincike da aka wallafa a 2001, Jeffrey Smith da Lisa Smith sun sa ido kan masu ziyara 150 a gidan tarihin Metropolitan na birnin New York, suna ƙidaya tsawon tsayuwar kowa a gaban fitattun zane-zane shida. Matsakaicin tsayuwar ya kama kusan sakan 27. Da aka maimaita binciken a wani gidan tarihi a Chicago aka wallafa a 2017, sai aka samu kusan sakan 29, kuma a wannan karon wani ɓangare na lokacin ya tafi ne wajen ɗaukar hoton kai da waya. Waɗannan mutane ne da suka bar gida suka je musamman don kallo, ga zanen na ainihi a gabansu, amma ko rabin minti ba su cika ba. Ba na zarginsu. Gini ne mai ɗaruruwan ɗakuna, ƙafa tana gajiya, ga jama'a a bayanka, kuma babu wanda ya ba idonka aikin yi. Ido kuwa idan ba shi da abin nema, sai ya ɗauki siffar abu gaba ɗaya, ya karanta sunan da ke jikin bango, ya wuce.

Yanzu ku ɗauki zanen da wasa na biyu ya ci sunansa. Pieter Bruegel Babba, mai zanen ƙasar da yau take cikin Beljiyam da Holan, ya yi shi a 1564, yana kuma rataye a gidan tarihin fasaha na birnin Biyana a Ostiriya. Faɗinsa ya kai santimita 170, tsayinsa 124, kuma a cikin wannan ɗan fili akwai mutane sama da 500. Abin da yake nunawa shi ne labarin da Kiristoci suka yi imani da shi na tafiyar Yesu Almasihu ɗauke da gicciye zuwa wurin kisa, labarin da muka san Musulmi suna da wata fahimta dabam game da ƙarshensa. Abin lura a nan shi ne yadda Bruegel ya tsara hoton. Wanda labarin yake kansa yana tsakiyar zanen daidai, ya faɗi ƙarƙashin gicciye, amma an yi shi ƙarami, jama'a sun kewaye shi, har mai kallo yakan daɗe bai gan shi ba. Idonka zai fara zuwa ne kan mahaya masu jajayen riguna, da wani dogon dutse mai injin niƙa na iska a bisa kansa, da matan da ke kuka a gaba. In ka ƙara tsayawa za ka ga yara suna wasa, ɗan koli ya zauna da kayansa ya ba da baya, sojoji suna jan wani mutum da ƙarfi don ya taya ɗaukar gicciye matarsa tana riƙe shi tana kokawa da su, can nesa kuma 'yan kallo sun riga sun yi da'ira suna jiran a fara. Bruegel da gangan ya ɓoye babban al'amari a cikin hayaniya, domin abin da yake faɗa ke nan: ana iya yin gagarumin zalunci a bainar jama'a kowa yana harkar gabansa. Wanda ya ba wannan zane sakan 27 ya ga taron mutane da wani dutse, bai ji abin da aka faɗa masa ba ko kaɗan.

A nan ne wasan nuna-ka-danna yake da abin da jagoran gidan tarihi ba shi da shi. Yana ba ido aiki. Mai wasa ya san ba zai ci gaba ba sai ya gano abin da ke ɓoye, saboda haka yana bin hoton taƙi bayan taƙi, yana tambayar kowane abu: wannan mutumin me yake riƙe da shi, waccan tagar a buɗe take, me ya sa wancan yake kallon sama? In ya maƙale, yakan koma wuri guda sau da yawa, ya shafe mintuna yana duban abin da a gidan tarihi zai wuce shi da taku biyu. Ba a ce masa yana karatun fasaha ba, shi a ganinsa mabuɗi yake nema, amma kafin ya samu mabuɗin ya riga ya san yadda masu zanen ƙarni na 16 suke naɗe tufa, da yadda suke sa duwatsun nesa su yi shuɗi don ido ya ji nisa, da irin fuskokin da suke ba maroƙa da attajirai. Wannan ɗabi'ar lalube ita ce ainihin kallon da Bruegel da Hieronymus Bosch suka yi zanensu dominsa. Bosch, wanda ya rasu a 1516, ya cika allunansa da ɗaruruwan ƙananan halittu, kowace tana cikin nata sha'ani, kuma babu wata hanyar ganin irin wannan aiki sai a hankali, lungu lungu. Dacewar da ke tsakanin salon wasan da salon zanen ita ce ginshiƙin hujjata, kuma ita ce ta bambanta aikin Richardson da wanda kawai ya manna hoton tsohon zane a jikin riga.

Suka ta farko da za a yi ita ce ta mutunci: waɗannan ayyuka ne masu nauyi, a ce an mayar da su abin dariya? Amsar tana cikin tarihin masu zanen kansu. Karel van Mander, wanda ya wallafa littafin tarihin masu zanen yankin a 1604, ya ba da labarin cewa mutanen zamanin Bruegel sun yi masa laƙabi da mai ban dariya, kuma da wuya a kalli yawancin ayyukansa ba a murmusa ba. A 1559 Bruegel ya yi wani zane da yanzu yake Balin, inda ya ɗauki karin maganar mutanensa sama da 100 ya zana kowace a zahirinta a cikin ƙauye guda: ga mai buga kansa da bango, ga mai cike rijiya bayan maraƙi ya riga ya nutse, ga mai ƙoƙarin ɗaura wa kyanwa ƙararrawa. Wasa ƙwaƙwalwa ne aka yi da fenti, ana tsayawa a gabansa ana rige-rigen gano wace magana ce wannan. Shekara guda bayan haka ya zana yara sama da 200 suna wasanni kusan 80. Shi kansa zanen tafiya da gicciye, an san yana cikin tarin wani attajirin birnin Antwerp mai suna Niclaes Jonghelinck, wato a gidan mutum ya zauna inda baƙi suke kallo suna hira. Haka zanen da ya ba wasan farko sunansa, wanda ake dangantawa da Bosch kuma yake gidan tarihin Prado a Madrid: an zana zunubai bakwai a da'ira, kowane da misalin rayuwar yau da kullum. Ga ƙaton mutum yana ta loda abinci ɗansa yana miƙo hannu, ga mace tana duba kwalliyarta a madubin da shaiɗan ya riƙe mata, ga alƙali yana sauraren mai ƙara hannunsa yana karɓar toshiya ta gefe. Wa'azi ne, amma wa'azin da ya san dariya tana buɗe ƙirji. Shirun da muke dangantawa da waɗannan zane-zane na gidan tarihi ne, wanda ya zo daga baya. Wanda ya mayar musu da dariya ya fi kusa da niyyar masu su fiye da wanda ya tsaya a gabansu da ɗaurarriyar fuska.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar na kawar da ita gaba ɗaya ba. Da yawa daga cikin zane-zanen da aka yanka na ibada ne, an yi su don coci, suna nuna mutanen da Kiristoci suke girmamawa, wasunsu annabawa ne da Musulmi ma suke girmamawa. Wasannin Richardson suna da baƙar magana da batsa da zubar da jini, akwai tsiraici kamar yadda yake a asalin wasu zane-zanen, kuma barkwancinsu yakan taɓa abin da mai imani yake riƙe da tsarki. Iyaye su ji da kyau: ba wasannin yara ba ne, ko da kuwa sun yi kama da littafin tarihi. Batun hukuncin hoton mai rai da siffanta annabawa kuwa fagen malamai ne, kuma duk wanda imaninsa ya hana shi kusantar irin wannan yana da cikakkiyar hujjar ƙauracewa. Abin da zan ce shi ne a rarrabe abin da ake harbi. Mafi yawan kiban waɗannan wasanni suna sauka ne kan ma'aikacin ibada da ya mayar da gafara harkar takarda da hurumi, da shugaban da ya fake da addini ya tara dukiya, da jarumar da take kiran ƙishirwar jininta yaƙi mai tsarki. Mu ma mun san 'yan kama, waɗanda suke kwaikwayon muryar malami suna jero sunayen abinci jama'a na dariya, kuma kowa ya gane kwaɗayin mutum ake yi wa ba'a. Bosch da Bruegel sun yi wa malaman cocin zamaninsu irin wannan. Inda Richardson ya tsaya a nan, yana kan tsohuwar turba mai amfani. Inda ya tsallaka ya taɓa ainihin abin da ake bautawa, ni ba na kare shi, kuma hujjata ba ta buƙatar in kare shi, domin abin da nake yabo dabarar sa ido ya tsaya ce, dabarar kuwa tana aiki ko babu wannan tsallaken.

Suka ta uku daga masana fasaha take fitowa. Suna cewa zane abu ne guda, mai shi ya auna inda haske zai faɗa da inda ido zai bi, to in ka yanko mutum daga nan, ka ɗauko sama daga can, ka haɗa aikin Italiya da na Holan da ke da tazarar shekara 100 a fili ɗaya, me ya rage na zanen? Suna ƙarawa da cewa mai wasa kallon amfani yake yi, yana neman abin da zai ɗauka, kyau bai dame shi ba. A wannan akwai gaskiya, kuma ta fi bayyana a kan Rembrandt. Ƙarfinsa yana cikin yadda fuska take fitowa daga duhu, da kaurin fentin da ake gani idan an matso. Bellona da aka yanko daga duhunta aka sa ta tana tafiya a filin rana ta rasa rabin abin da ya sa ta zama aikin Rembrandt, kuma babu allon kwamfutar da zai ba ka girman zane ko tudun fentinsa. Saboda haka dabarar ta fi dacewa da masu zanen taro da labari, ta fi rauni a kan masu zanen haske. Sai dai yankan bai taɓa asalin ba. Bellona tana nan lafiya a New York, ba a ɗebe mata ko ƙwayar fenti ba, abin da ya ƙaru kawai shi ne yawan mutanen da za su gane fuskarta. An ga irin wannan a baya. Terry Gilliam, wanda ya yi hotuna masu motsi na shirin barkwancin Monty Python da BBC ta fara nunawa a 1969, shi ne ya shahara da wannan salo na yanka da mannawa, kuma ƙatuwar ƙafar da take saukowa daga sama ta murƙushe komai a farkon shirin, ya yanko ta ne daga kusurwar wani zanen Bronzino na wajen 1545 da ke babban gidan zane na Landan. Ƙafa ce da ƙarnuka suka wuce ba a kula da ita ba, yau kuwa akwai masu zuwa gaban zanen su neme ta, in sun same ta kuma sai sauran hoton ya riƙe su. Game da kallon amfani, haka kowane koyo yake farawa. Yaro yana buɗe littafi ne don labari kafin ya san daɗin jimla, kuma ba mu taɓa cewa labarin ya ɓata shi ba.

Kada mu manta da wanda ba zai taɓa zuwa Biyana ko Madrid ba, wanda shi ne mafi yawan mutanen duniya, har da mafi yawan masu sauraren wannan shiri. Kuɗin jirgi da wahalar biza sun riga sun yanke hukunci. A wurinsa zaɓin yana tsakanin hoton da zai gilma a waya cikin sakan biyu da hoton da wani abu zai sa ya zauna da shi, kuma masu sukar da suke auna wasan da ziyarar gidan tarihi suna auna shi ne da abin da ba kowa ke da shi ba.

Suka ta ƙarshe ita ce ta sata da lalaci: mutum ya kwashi gumin wasu ya sayar. Ta fuskar aiki, duk wanda ya taɓa gyaran hoto ya san ba ƙaramar wahala ba ce. In ka cire mutum daga zane, ramin da ya bari sai ka cike shi da abin da zai saje, hannu da ƙafa sai an raba su an yi musu mahaɗa kafin su motsa, launin zane goma sai an daidaita shi kafin ya zama wuri guda, sannan ga rubuta labari da tsara matsaloli. Abin da tsohon zane ya ba Richardson shi ne damar da mutum guda ba zai samu ta wata hanya ba, domin zanen wuraren wasa yana cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi da lokaci a wannan sana'a. Ta fuskar doka kuwa, haƙƙin mallakar aikin fasaha yana ƙarewa. A Birtaniya da Tarayyar Turai shekara 70 ne bayan mutuwar mai shi, haka ma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanada ga ayyukan adabi da kiɗa da zane. Bayan nan aikin ya zama na kowa, kuma an yi hakan da gangan ne don na baya su samu abin gini. Bruegel kansa ya yi suna da farko ne da zane-zanen da ya yi a salon Bosch, har aka buga ɗaya daga cikinsu a 1557, na manyan kifaye masu cin ƙanana, da sunan Bosch a jiki.

Amma aiki ya zama na kowa a takarda bai isa ba idan hotonsa mai kyau yana kulle. Shekaru da yawa gidajen tarihi suna cewa zanen na kowa ne amma hoton da suka ɗauka nasu ne, sai an biya. Abin ya fara sauyawa a 2012 lokacin da Rijksmuseum na Amsterdam ya saki hotuna 125,000 masu inganci a intanet ya ce kowa ya sauke. A Fabrairun 2017, watan da wasan Richardson na farko ya fito, gidan tarihin Metropolitan ya saki hotuna 375,000 ba tare da wani sharaɗi ba. A 2019 Tarayyar Turai ta sa a doka cewa kwafin aikin da haƙƙinsa ya ƙare ba ya haifar da sabon haƙƙi, sai in kwafin kansa sabuwar ƙirƙira ce. Italiya ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta kayan gado ta 2004 ta ce sai da izini da biyan kuɗi kafin a yi kasuwanci da hoton kayan tarihin da ke hannun hukuma, komai tsufansu, kuma da ita ne gidan tarihin Uffizi na Florence ya kai ƙarar kamfanin tufafin Jean Paul Gaultier a 2022 kan amfani da zanen Botticelli. Ana iya fahimtar damuwarsu, domin kula da tsohon zane yana cin kuɗi, kuma ba daɗi a ga babban kamfani yana cin riba da gadon al'umma kyauta. Sai dai a duba wanda irin wannan doka take tsayarwa. Babban kamfani yana da lauyoyi, zai biya ko ya sasanta ya ci gaba da harkarsa. Mai aiki shi kaɗai a ɗakinsa, wanda wasansa guda yake buƙatar gutsattsarin zane-zane masu ɗimbin yawa daga gidaje dabam-dabam, ba zai iya neman izini ɗaya bayan ɗaya ba, balle ya biya. Kuma ofishin da ke ba da izini da wuya ya sa hannu a kan barkwanci, domin aikinsa kare martabar kayan da aka damƙa masa ne. Da tsarin Italiya ne ya mamaye ko'ina, da kamfanonin tufafi sun ci gaba da buga Botticelli a jikin riguna bayan sun biya, wasanni irin na Richardson kuwa da ba a yi su ba.